Mafarki a addinin Buddha: Yadda ake fassara shi da yadda ake horar da zuciya a cikinsa

Kalmar "Buddha" laƙabi ce, kuma ma'anarta a harsunan Sanskrit da Pali na tsohuwar Indiya ita ce "wanda ya farka". Mai laƙabin, Siddhartha Gautama, an haife shi ne a Lumbini da ke cikin ƙasar Nepal ta yau, ya kuma yi rayuwarsa a arewacin Indiya a tsakanin ƙarni na 6 da na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mabiyansa sun kira shi da wannan laƙabi saboda sun yi imani cewa galibin mutane na gudanar da rayuwarsu tamkar masu barci, suna bin duk abin da ransu ya raya musu, shi kuwa ya farka daga wannan barci. Addinin da aka gina a kan irin wannan misali ba zai rasa abin cewa game da mafarki ba, kuma littattafansa sun yi maganar da faɗi.

Idan aka bi sawun addinin daga Indiya zuwa Siri Lanka da Sin da Japan da Tibet, za a tarar da hanyoyi uku da malamansa suka bi. Ta farko ita ce fassara, wato ɗaukar mafarki a matsayin ishara ga abin da zai faru, ko ma'aunin halin da zuciya take ciki. Ta biyu ita ce kawar da kai daga gare shi don kada ya ɗauke hankalin ɗalibi. Ta uku, wadda ta fi bunƙasa a Tibet, ita ce mayar da mafarkin kansa fagen horo, inda ɗalibi ke koyon gane cewa mafarki yake yi alhali barcin bai sake shi ba. Masu bin wannan hanya ta uku suna ɗaukarta a matsayin shirin tunkarar ranar mutuwa.

Mafarkan da ke cikin tarihin Buddha

Labarin rayuwar Buddha da mafarki ya fara. An rawaito cewa mahaifiyarsa, Sarauniya Maya, ta ga farar giwa ta shiga cikinta ta ɓangaren dama. Da aka tara malaman fada daga jinsin Brahmana, suka shaida wa Sarki Suddhodana cewa matarsa za ta haifi ɗa wanda zai zama ko dai sarkin da zai mallaki duniya, ko kuma malamin da zai rabu da duniya ya shiryar da mutane. An sassaƙa hoton wannan mafarki a jikin dutse a wurin ibadar Bharhut da ke tsakiyar Indiya tun a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma dutsen na ajiye a gidan tarihi na birnin Kolkata.

Kundin Anguttara Nikaya, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Pali, ya lissafa manyan mafarkai biyar da Gautama ya yi kafin farkawarsa. A na farko ya ga ƙasa ta zama shimfiɗarsa, tsaunukan Himalaya matashin kansa, hannuwansa da ƙafafunsa kuma suna kan tekuna. A na biyu wata ciyawa ta tsiro daga cibiyarsa har ta taɓo sama. A na uku fararen tsutsotsi masu baƙin kai suka hau ƙafafunsa har gwiwa. A na huɗu tsuntsaye huɗu masu launi daban-daban suka zo daga kusurwoyi huɗu, suka faɗi gabansa suka zama farare. A na biyar ya yi tafiya a kan tulin ƙazanta ba tare da ta ɓata shi ba. Littafin ya fassara su bi da bi: farkawar da zai samu, tafarkin da zai koyar, ɗimbin magidanta masu fararen tufafi da za su bi shi, rukunoni huɗu na al'ummar Indiya da za su zama ɗaya a ƙarƙashin koyarwarsa, da kuma kyaututtukan da zai riƙa karɓa ba tare da sun maƙale masa a rai ba.

Labarin da ya fi nuna illar fassarar son zuciya shi ne na Sarki Pasenadi na Kosala. An ce ya yi mafarkai 16 a dare ɗaya, cikinsu har da baƙaƙen bijimai huɗu da suka taso kamar za su gwabza sai suka watse ba su yi faɗan ba, da doki mai baki biyu yana cin abinci ta kowane ɓangare, da busassun duma suna nutsewa a ruwa alhali manyan duwatsu na yawo a samansa. Malaman fadarsa suka tsoratar da shi, suka ce sai an yanka dabbobi masu yawa kafin a kauce wa bala'i, suna hangen abin da za su samu. Sarauniya Mallika ce ta ba shi shawarar ya tambayi Buddha. Buddha ya ce mafarkan ba su shafi zamanin sarkin ba, suna nuni ne ga wani zamani mai zuwa da shugabanni za su lalace: bijiman hadari ne da zai haɗu ya watse babu ruwa, dokin alƙalai ne masu karɓar cin hanci daga mai ƙara da wanda ake ƙara, duman da duwatsun kuma zamanin da maganar wawaye za ta yi nauyi, ta masu hankali ta zama banza. Da jin haka sarki ya sa aka saki dabbobin.

Wane mafarki ne abin gaskatawa?

Duk da waɗannan labarai, malaman mazhabar Theravada, wadda ta fi rinjaye a Siri Lanka da Myanmar da Tailan, ba su ɗauki kowane mafarki a matsayin saƙo ba. Littafin Milindapanha ya kawo tattaunawa tsakanin malami Nagasena da Sarki Milinda, wanda masana tarihi ke ganin shi ne Menander, sarki ɗan asalin Girka da ya yi mulki a arewa maso yammacin Indiya a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Nagasena ya kasa masu mafarki gida shida. Uku mafarkinsu daga rikicewar jiki yake, wato iska da ruwan matsarmama da majina. Na huɗu wani abin bauta ne ya jefa masa, na biyar abin da ya saba gani ko yi ne ya dawo masa, na shida kuma ishara ce ga abin da zai auku. A cewarsa na ƙarshen ne kaɗai mafarkin gaskiya. Ya kuma ce ba a mafarki a cikin barci mai nauyi, ba a yinsa ido biyu, ana yinsa ne a wani hali na tsakani da ya kira barcin biri, wato irin gyangyaɗin da hankali bai gama gushewa ba.

A ƙarni na 5 Miladiyya, babban mai sharhi Buddhaghosa da ya yi aiki a Siri Lanka ya taƙaita dalilan zuwa huɗu: rikicewar jiki, abin da aka taɓa gani, tasirin ababen bauta, da ishara. Biyun farko ba abin dogaro ba ne, na uku yakan zama gaskiya ko ƙarya, na huɗu ne abin kula. Sharhin ya ƙara da cewa waɗanda suka kai ƙarshen tafarki, waɗanda ake kira arahant, sun daina mafarki domin ruɗanin da ke haifar da shi ya gushe daga zukatansu.

Wanda ya san rabe-raben mafarki a wurin malaman Musulunci, da littafin fassara da ake jingina wa Muhammad Ibn Sirin na Basra, zai lura da kamanceceniya a nan, domin ɓangarorin biyu sun yarda cewa mafarki da yawa zancen zuci ne kawai. Sai dai tushen aƙidar ya sha bamban. Addinin Buddha ba ya jingina mafarkin gaskiya ga Mahalicci, yana ɗaukarsa ne a matsayin alamar karma, wato sakamakon ayyukan baya da ya kusa nuna.

Mafarki ya shiga har cikin dokokin 'yan zuhudu. Kundin Vinaya ya hukunta ɗan zuhudun da ya biya wa kansa sha'awa da gangan, amma ya ɗauke laifi idan a mafarki abin ya faru, saboda niyya ita ce ginshiƙin hukunci a wurinsu. Haka kuma littattafan Pali sun lissafa fa'idoji 11 ga mai yawaita zaman metta, wato tattara zuciya a kan fatan alheri ga dukkan halittu. Uku na farko duk sun shafi dare: barci cikin daɗi, tashi cikin daɗi, da rashin ganin mugun mafarki. Da wannan ne malaman Theravada ke ba mai fama da mafarkin tsoro shawarar ya yi zaman metta kafin ya kwanta.

Daga Sin zuwa Japan

Mazhabar Mahayana, wadda ta yaɗu a Sin da Koriya da Japan, ta mayar da mafarki babban misali na koyarwarta game da shunyata, wato cewa babu abin da ke tsaye da kansa, komai ya dogara ne da wasu dalilai kuma yana gushewa idan sun gushe. Mai mafarki yana ganin gida da dukiya da abokan gaba, yana murna yana firgita, alhali duk zuciyarsa ce ta ƙaga su. Littafin da ake kira Sutrar Lu'ulu'u ya rufe da kwatanta abubuwan duniya da mafarki. Kwafinsa da aka gano a kogunan Dunhuang na ƙasar Sin na ɗauke da shekarar 868, kuma shi ne cikakken littafin ɗab'i mafi tsufa mai kwanan wata da aka sani. Malamin falsafa Vasubandhu, wanda ya rayu wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, ya yi amfani da mafarki wajen kafa hujja cewa zuciya na iya ganin wuri da lokaci da mutane ba tare da akwai wani abu a waje ba.

Su kansu Sinawa da mafarki suke danganta shigar addinin ƙasarsu. Riwayar gargajiya ta ce Sarki Ming na daular Han ya ga wani mutum na zinariya a mafarki, ya aika jakadu yamma, suka dawo da malamai da littattafai a kan farin doki, aka gina musu Haikalin Farin Doki a Luoyang a shekarar 68 Miladiyya.

A Japan, malami Myoe, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1232 ya kuma jagoranci haikalin Kozanji da ke kusa da Kyoto, ya shafe kusan shekara 40 yana rubuta mafarkansa, yana zana wasu, yana kuma ƙara fassararsa a ƙarƙashinsu. Yana ɗaukarsu a matsayin ma'aunin ci gabansa a zaman tattara hankali. Takwaransa na zamani Shinran, bayan shekara 20 a gidan zuhudu na dutsen Hiei, ya shiga halwar kwana 100 a haikalin Rokkakudo a shekarar 1201. Mafarkin da ya yi a rana ta 95 ne ya kai shi wurin malami Honen, daga nan kuma aka samu tushen Jodo Shinshu, ɗaya daga cikin manyan ɗariƙun addinin a Japan. Malaman Zen kuwa sun ɗauki hanyar kawar da kai. Duk wani haske ko sura ko murya da ke bayyana wa ɗalibi a zaman nutsuwa suna kiransa makyo, kuma umarninsu shi ne a bar shi ya wuce, mai daɗi ne ko mai ban tsoro.

Milam: horon mafarki a Tibet

Milam na nufin mafarki a harshen Tibet, kuma da sunan ake kiran ɗaya daga cikin darussa shida da ake jingina wa Naropa, malamin Indiya na ƙarni na 11. Naropa ya karɓa daga Tilopa, ya ba Marpa mai fassara wanda ya kai su Tibet. Marpa ya ba Milarepa, shi kuma ya ba Gampopa, wanda ya rayu daga 1079 zuwa 1153. Wannan silsila ce tushen ɗariƙar Kagyu. Sauran darussan biyar su ne tayar da zafin ciki, kallon jiki a matsayin gizo, haske bayyananne na barci mai nauyi, halin tsakanin mutuwa da sake haihuwa, da kuma fitar da hankali daga jiki a lokacin ajali. Tsongkhapa, wanda ya rayu daga 1357 zuwa 1419 ya kuma kafa ɗariƙar Gelug ta su Dalai Lama, ya rubuta sharhi a kan darussan shida.

Horon yana farawa ne da rana. Ana umartar ɗalibi ya riƙa tunatar da kansa a kai a kai cewa abin da yake gani, kasuwa ce ko dutse ko fuskar aboki, tamkar mafarki ne. Hikimar ita ce abin da zuciya ta saba da shi da rana shi take maimaitawa da dare, don haka wanda ya saba tambayar kansa ido biyu zai iya yin tambayar a cikin barci. Idan dare ya yi, sai ya kwanta ta ɓangaren dama, hannu a ƙarƙashin kunci, kwanciyar da suke kira ta zaki, wadda aka ce a cikinta Buddha ya rasu a Kushinagar. Zai ƙudurta niyya mai ƙarfi cewa yau zai gane mafarkinsa, sannan ya tattara hankalinsa a maƙogwaro, yana suranta jan harafi ko furen bado a wurin, har barci ya ɗauke shi. Littattafan sun ba da magani ga matsaloli biyu: wanda barcinsa ya cika nauyi ya mayar da hankalin zuwa wani farin ɗigo a tsakanin gira, wanda kuma yake yawan farkawa ya sauke shi zuwa wani baƙin ɗigo a ƙasan jiki. Sun kuma ce goshin asuba ya fi dacewa saboda barci ya yi sauƙi a lokacin.

Mataki na farko shi ne kama mafarki, wato gane shi yana cikin gudana. Na biyu shi ne kawar da tsoro. Idan ɗalibi ya ga gobara, sai ya tuna cewa wutar mafarki ba ta ƙuna, ya taka cikinta. Idan ambaliya ce ko kare mai cizo ko bakin rami, sai ya fuskance su. Na uku shi ne sarrafawa: ya mayar da wuta ruwa, ƙarami babba, abu ɗaya ya zama ɗari. Manufar ita ce ya tabbatar wa kansa a aikace cewa abin da ke tsorata shi ko yake kwaɗaita masa ba shi da ƙarfin da ya zata. Wasu littattafan sun ƙara da ziyartar malamai da wurare masu tsarki a cikin mafarkin don karɓar darasi. A mataki na ƙarshe ɗalibi yana barin surorin su narke baki ɗaya, ya zauna cikin sani tsantsa ba tare da wani abin gani ba. Wannan ne ke kai shi ga darasin haske bayyananne, inda ake neman riƙe sani har a cikin barcin da babu mafarki.

A al'adance ba a koyar da milam ga kowa. Sai ɗalibi ya kammala darussan share fage, ya karɓi izini daga malami, kuma a ɗariƙar Kagyu galibi ana koyar da shi ne a cikin halwar da ke ɗaukar fiye da shekara uku.

Alaƙarsa da mutuwa

Malaman Tibet na ganin kowane dare a matsayin ƙaramin gwajin mutuwa. Gushewar ji da gani a farkon barci tana kama da gushewarsu a lokacin ajali. Barci mai nauyi yana kama da hasken da suka ce yana bayyana a daidai lokacin mutuwa. Mafarki yana kama da bardo, kalmar da ke nufin "tsakani", wato halin da suka yi imani mamaci na shiga har tsawon kwana 49 kafin a sake haihuwarsa. Farkawa da safe kuma ita ce misalin sabuwar haihuwa. A aƙidarsu mamaci a bardo yana ganin surori masu ban tsoro da masu jan hankali, waɗanda duk daga zuciyarsa suke fitowa. Wanda ya saba gane mafarki ana sa ran zai gane su, wanda bai saba ba kuma tsoro da kwaɗayi za su kora shi zuwa wata haihuwar. Littafin Bardo Thodol, wanda ake dangantawa da Karma Lingpa na ƙarni na 14 kuma aka fara buga fassararsa ta Ingilishi a 1927, yana cikin rukunin koyarwar da ke lissafa mafarki a matsayin ɗaya daga cikin bardo shida.

Wannan bai hana Tibetawa fassara mafarki ba. Namkhai Norbu, malamin da ya daɗe yana koyarwa a Italiya ya rasu a 2018, ya raba mafarki gida biyu: na karma, wanda ke fitowa daga tabon da ayyuka da damuwoyi suka bari a zuciya, da na tsabta, wanda ke zuwa idan zuciya ta lafa kuma yana iya ɗaukar ishara. A bikin bayar da izinin Kalachakra, wanda Dalai Lama na 14 ya sha jagoranta, ana raba wa mahalarta ciyawar kusha guda biyu, doguwa a sa ƙarƙashin shimfiɗa, gajeriya a ƙarƙashin matashi, a kuma umarce su su lura da abin da za su gani a daren. Tarihin Milarepa ma ya ce mafarki ne ya nuna masa gidansu ya rushe mahaifiyarsa ta rasu, ya nemi izinin Marpa ya koma gida ya tarar da ƙasusuwanta a cikin kangon. Amma gargaɗin da malaman ke maimaitawa shi ne kada mafarki mai kyau ya sa ɗalibi girman kai, kada mummuna ya karya masa gwiwa, kuma malaminsa kaɗai zai gaya wa.

Abin da binciken kimiyya ya nuna

Turawa sun daɗe suna shakkar cewa mutum zai iya sanin yana mafarki alhali yana barci, duk da cewa likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kan irin wannan mafarkin sane a 1913. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani zangon barci da idanu ke motsi da sauri, wanda ake taƙaita sunansa da REM, kuma a cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu armashi. A wannan zango tsokokin jiki suna sakewa, amma idanu da numfashi suna aiki. Zangon yana dawowa kusan kowane minti 90, yana kuma ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa, abin da ya dace da lokacin da littattafan Tibet suka zaɓa.

Motsin idon ne ya ba da hanyar gwaji. A watan Afrilun 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya naɗi alamar da wani mai barci ya yi ta hanyar juya idanunsa hagu da dama kamar yadda suka shirya tun kafin ya kwanta, alhali na'ura na nuna barci yake yi. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya samu irin wannan sakamako ya wallafa shi a 1981. A 2021 ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Jamus da Faransa da Holan suka gwada mutum 36, suna yi musu tambayoyi, har da ƙananan lissafi, suna cikin mafarki. An samu amsa daidai a kusan kashi 18 cikin 100 na gwaje-gwajen, kodayake a mafi yawansu babu amsa ko kaɗan. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru 50 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin mafarkin sane ko da sau ɗaya, kashi 23 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata.

Game da alaƙarsa da zaman tattara hankali, masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun ba da rahoto a 2019 cewa waɗanda suka shafe shekaru suna zaman sun fi sauran mutane yawan mafarkin sane, amma kwas ɗin mako takwas bai ƙara wa sababbin shiga komai ba. Malaman addinin da masana kimiyya sun kuma zauna tare a kan batun: a 1992 an yi taron kwanaki a Dharamsala ta Indiya, inda Dalai Lama ke zaune bayan barinsa Tibet a 1959, a kan barci da mafarki da mutuwa, ƙarƙashin jagorancin masanin ƙwaƙwalwa Francisco Varela. Abin da gwaje-gwajen suka tabbatar shi ne matakin farko na milam, wato yiwuwar gane mafarki da yin abu da gangan a cikinsa. Batun bardo da sake haihuwa kuwa aƙida ce ta mabiya addinin, ba ya cikin abin da na'ura ke aunawa.

Amfani da hattara

Likitocin barci sun fara aron wani ɓangare na dabarar. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sanya horon mafarkin sane cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga masu fama da mugun mafarki mai maimaituwa, sai dai ta fi ƙarfafa wata hanyar, wadda majiyyaci ke sauya labarin mafarkin da rana yana maimaita sabon a ransa. Duka biyun sun yi tarayya da milam a abu guda: fuskantar abin tsoron da sanin cewa ana iya sauya shi.

Akwai kuma illoli. Dabarun zamani da ke buƙatar tashi tsakar dare a sake kwanciya suna rage ingancin barci idan aka yawaita. Wasu masu gwadawa kan gamu da dannau, wanda a bayanin likitoci yana faruwa ne idan hankali ya farka kafin sakewar tsokoki ta zangon REM ta gushe, sai mutum ya ji ya kasa motsi na ɗan lokaci. Likitoci na kuma gargaɗin masu larurar ƙwaƙwalwa da ke wahalar bambance zahiri da abin da ransu ya raya musu da su guji duk wani horo da ke cewa a kalli rayuwar rana a matsayin mafarki.

Malaman Tibet da ke koyarwa a Turai da Amurka na da nasu ƙorafin. A ganinsu yawancin masu neman mafarkin sane a yau suna nemansa ne don nishaɗi, su tashi sama ko su biya buƙatun da suka gagare su ido biyu, wanda hakan ƙara wa zuciya kwaɗayi ne, kishiyar abin da aka shirya darasin dominsa. Ma'aunin da suke bai wa ɗalibansu shi ne halinsu da rana. Idan wanda ya taka wuta a mafarki ya wayi gari yana iya riƙe kansa a lokacin fushi ko asara, horon ya yi amfani. Idan kuwa halinsa na nan yadda yake, suna umartarsa ya koma kan darussan share fage.